Damina Biyu Muna Bin Hadari

Ofishin da na daɗe ina aiki a cikinsa a kudu maso yammacin Washington ba shi da taga. Gini ne na gwamnati, irin masu faɗin nan da in ka shiga da safe ba ka sake sanin halin da gari yake ciki sai ka fito. Aikina lissafin magudanan ruwa ne: in ruwan sama kaza ya sauka a kan titi kaza, wane irin kwalbati ne zai iya ɗauke shi. Kullum ina cikin zancen ruwan sama, amma a takarda da kwamfuta. Sau da yawa sai na ga abokan aiki sun dawo daga cin abincin rana da jiƙaƙƙun takalma sannan in san an yi ruwa.

A lokacin ni kaɗai nake zaune a gidanmu na Manassas. Matata ta tafi Kano jinyar mahaifiyarta da niyyar yin wata uku, jinya ta yi tsawo, har aka shiga shekara ta biyu. Ba faɗa muka yi ba. Muna waya duk ranar Lahadi, ta ba ni labarin jikin Hajiya, in ba ta labarin gida, daga nan sai kowa ya tsaya jiran ɗaya ya ce sai an jima. 'Yarmu tilo tana jami'a a wata jiha mai nisa. In na aika mata saƙon murya da Hausa, sai ta amsa a rubuce da Turanci, layi biyu. Na rufe ɗakunan sama na koma kwana a falo, saboda ba na son jin takuna ni kaɗai a kan bene.

Ban taɓa zama na yanke shawarar zan fara bin hadari ba. Wata Asabar ce a watan Mayu, na fita sayen ƙwan fitila, da na fito daga kanti sai na ga yamma ta yi baƙi ƙirin. Maimakon in juya gida, sai na miƙe. Na wuce gidaje, na wuce kantuna, har na kai inda gonaki suka fara, na tsaya a gefen hanya na fito. Iska ta taso, ciyawa ta kwanta, na ji ƙamshin ƙasa. A ƙauyenmu in hadari ya haɗo haka, kowa fitowa yake yi. Mata su kwashe shanya, maza su tsaya a ƙofar gida suna gardamar ko zai zubar a nan ko zai wuce. A nan kuwa motoci suna ta wucewa ta bayana, babu wanda ya ɗaga kai. Na tsaya har ruwa ya jiƙa ni sarai, sannan na koma gida. Ranar ce karo na farko cikin watanni da na ci abinci da marmari.

Bayan haka na ji labarin cewa masu hasashen yanayi suna koyar da 'yan sa-kai yadda ake lura da hadari a ba su rahoto. Na je, a wani zauren laburare, ni kaɗai ne baƙar fata a cikin tsofaffin Turawa masu riƙe da kofin kofi. A nan na koyi duba hoton rada a waya, inda ja da shuɗi da kore suke nuna ƙarfin ruwa. A nan kuma na fara jin labarin wani irin hadari da suke kira supasel. Yawancin hadari yana tasowa ya zubar ya watse cikin awa guda. Shi wannan kuwa juyawa yake yi a tsaye, gaba ɗayansa, kuma yana iya yin awoyi yana tafiya bai mutu ba. Shi ne mai kawo manyan ƙanƙara, wani lokaci har guguwar da take tumɓuke gidaje. Malamin ya ce a yankinmu ba kasafai ake ganinsa ba, sai mutum ya yi haƙuri. Haƙuri da lokaci kuwa ina da su fiye da buƙata.

Daminar farko ni kaɗai na yi ta. Sai a shekara ta gaba na haɗu da wani dattijo.

Wata Juma'a ce, bayan an sauko daga masallaci, ina da wani aiki a arewa maso yammacin birnin, jirgin ƙasa kuma ya yi latti, sai na tsayar da tasi. Direban tsoho ne siriri, gemunsa fari gajere. Muna tsaye a danja sai ya sunkuyo ya leƙa sama ta gilashin gaba, ya yi tsaki, ya ce wa kansa a fili da Hausa, "Wannan ba na ruwa ba ne. Iska ce kawai da burga."

Na ce, "Baba, ina wuni?"

Ya juyo gaba ɗaya har na baya suka fara yi masa hon. "Kai! Bahaushe ne? Daga ina?"

"Daga Kano. Amma Baba, wayata ta ce za a yi ruwa nan da rabin awa."

"Wayarka ta taɓa noma?" Ya ja mota yana dariya. "Dubi gindinsa, a yage yake. Hadarin da zai zubar gindinsa a shafe yake kamar an yi daɓe."

Ba a yi ruwan ba. Kafin ya sauke ni na san cewa mutumin Damagaram ne ta Nijar, cewa yana saurayi ya yi aiki a tashar da suke kira meteyo, inda kowace safiya yake duba ma'aunin ruwan sama ya rubuta abin da ya samu. Daga baya ya koyi tuƙi, ya zo Amurka a matsayin direban ofishin jakadanci, da aikin ya ƙare ya zauna ya kama tasi. Matarsa ta rasu a gida tun da daɗewa. Yana da 'ya guda tana aure a Damagaram. Shi kuma yana haya a wani ɗaki na ƙarƙashin gida, tagarsa daidai da tayoyin motocin da ke wucewa.

"Abu ɗaya ne ban saba da shi ba a ƙasar nan," in ji shi. "Hadarinsu daga yamma yake tasowa. Mu namu daga gabas. Har yau in na ji tsawa, gabas nake fara dubawa, sai in ga babu komai, ashe yana bayana."

Da zan fita na gaya masa abin da nake yi ranakun Asabar, ina jin kunya kamar mai faɗin wani laifi. Na ce in yana so ya zo mu tafi tare.

Ya dube ni da kyau. "Mutane suna gudun hadari, kai kana bin sa da mota?"

"Haka ne, Baba."

"Iyalinka suna ina?"

"Suna gida."

Ya gyaɗa kai kamar wanda aka ba cikakkiyar amsa. "Dakor," ya ce, wato ya yarda. "Rubuta mini lambarka."

Haka muka fara. Duk Asabar ɗin da aka yi hasashen hadari, sai ya hau jirgin ƙasa zuwa tashar ƙarshe ta ɓangarenmu, in ɗauke shi a can wajen azahar. Yana zuwa da fulas na shayi mai ɗaci da gyaɗa a leda. Yana kira na Injiniya, ina kiran sa Baba. Mu nausa yamma, wajen Warrenton ko Culpeper, inda ake hango duwatsu shuɗi-shuɗi a nesa, mu nemi tudu mu tsaya. Ni ina duba waya, shi yana duba sama yana shaƙar iska. In muka saɓa, yakan ci ni sau biyu cikin uku, kuma ba ya mantawa da ko ɗaya.

Yawancin ranaku babu abin da yake faruwa. Mu zauna a kan bonet awa biyu, awa uku, gajimare ya taru ya yi tsawo kamar zai yi wani abu, sannan ya baje. Mu yi sallar la'asar a kan ciyawa, mu sha shayi, mu juyo. Ba ma yawan magana. Bai sake tambayata game da iyalina ba, ni ma ban tambaye shi abin da ya hana shi komawa gida ba. Wani lokaci yakan ba ni labarin shekarar da ruwa ya ƙi sauka a garinsu, yadda yake zuwa kowace safiya ya duba ma'aunin ya tarar da shi a bushe, da yadda manoma suke tsayar da shi a hanya suna tambayarsa kamar shi ne ya riƙe ruwan.

Wata rana muna tsaye a bakin wata gona sai ga wani Bature ya zo a motar a-kori-kura, ya tsaya daf da mu bai kashe inji ba. Ya tambayi abin da muke yi a nan. Baƙaƙen fata biyu a bakin gonar mutum, ɗaya da abin hangen nesa a wuya, na san yadda abin yake a idonsa. Ina ƙoƙarin haɗa bayani, sai Baba ya nuna busasshiyar ciyawar da aka yanka aka baza a gonar, ya ce masa da gurgun Turancinsa in tasa ce ya je ya kwashe, ruwa yana nan tafe kafin rabin awa. Mutumin ya dubi sama, ya dubi Baba, ya ja motarsa ya tafi ba sallama. Ruwan ya zo kuwa. Bayan mako biyu Baturen ya sake samun mu a wurin, ya ce akwai tudu a bakin ƙofar gonarsa ta baya, an fi ganin duwatsu daga can, mu riƙa tsayawa a nan. Daga ranar muka samu wurinmu.

Da sanyi ya shigo muka daina haɗuwa. Wannan yana cikin abin da har yau yake damuna. Tsakanin gidana da ɗakinsa bai fi tafiyar awa guda ba, ina da ɗakuna a rufe, shi yana kwana a ƙarƙashin ƙasa, amma ban taɓa ce masa ya zo mu ci abinci ba. Sau biyu muka yi waya duk tsawon lokacin sanyin, mu gaisa, mu yi zancen dusar ƙanƙara, mu ajiye. Kamar dukanmu mun ɗauka in babu hadari babu dalilin zama tare.

A damina ta biyu da muka yi tare na fara ganin wasu abubuwa, amma ban haɗa su wuri ɗaya ba. Ya zuba shayi ya sauka a gefen kofi. A tashar jirgi sai na yi masa hon sau biyu yana kallon wani wuri dabam. Ya daina zancen kalar hadari da siffar gindinsa, sai zancen iska da ƙamshi da yadda tsuntsaye suka yi shiru. Wani lokaci ya ce, "Injiniya, ta ina ya fi duhu?" Sai in ɗauka gwada ni yake yi.

Ranar da muka daɗe muna jira ta zo a ƙarshen watan Yuni. Tun da safe gari ya yi wani irin zafi mai danƙo, riga tana manne wa jiki. Wayata tana ta ƙara da gargaɗi. Muka isa tudun nan bayan azahar, babu ko motsin ganye. Wajen la'asar na ga wani hadari guda ya ware kansa daga sauran, ya tsallako duwatsu yana nufo mu ta kudu maso yamma. Tun daga nesa na san wannan ba irin waɗanda muka saba ba ne. Samansa ya baje ya rufe rabin sama, jikinsa kuma a tsaye yake, da layi-layi a zagaye kamar an murɗa shi.

Na daka tsalle daga kan mota. "Baba! Ga shi! Wallahi shi ne! Dubi gindinsa!"

Ya sauko a hankali, yana dafe da mota. Ya tsaya kusa da ni ya ɗaga kai. Sai na ga fuskarsa ba ta fuskanci hadarin sosai ba, ta ɗan karkata zuwa dama, inda babu komai sai farin gajimare.

"Injiniya," ya ce, muryarsa a ƙasa. "Gaya mini abin da kake gani."

Na dube shi. Idanunsa a buɗe, suna ta motsi suna neman abin da za su kama. A nan take shayin da ya zube da hon ɗin tashar jirgi da sauran duk suka dawo mini.

"Baba, idonka..."

"Bar wannan tukuna. Ina jin sa, ina jin cidarsa. Ina ganin duhu kamar ta cikin hayaƙi. Gaya mini sauran kafin ya wuce."

Na buɗe baki, sai kalmomin da na koya a laburare suka fito da Turanci. Ya ɗaga hannu.

"A'a. Da Hausa."

Na tsaya ina lalube. Na yi shekaru ina Hausa a waya kawai, Hausar gaisuwa da tambayar jiki, ban san bakina ya yi nauyi haka ba. Na ce, "Gindinsa a zagaye yake, Baba. Kamar an kife babban akushi a sama. A shafe yake sumul."

"Bon," ya ce, wato madalla. "Yana motsi?"

"Yana juyawa. A hankali, kamar ana tuƙa tuwo a babbar tukunya. Daga hagu zuwa dama."

"Duka jikinsa, ko gefe ɗaya?"

"Duka. Kuma a ƙarƙashinsa wani yanki ya zazzago ƙasa, ya yi kamar hantsar saniya. Shi ya fi sauri. Ƙananan gajimare suna tasowa daga ƙasa suna shiga cikinsa, kamar yana zuƙe su."

"Allahu akbar," ya ce. "Ni ban taɓa ganin wannan ba. Duk shekarun da na yi a meteyo ban taɓa ba. Kalarsa fa?"

"Baƙi ne, amma ta dama, inda ruwa yake zuba, ya yi kore-kore kamar ruwan kududdufi."

"Wannan ƙanƙara ce. Ci gaba."

Na ci gaba. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba, wataƙila minti goma. Ina faɗa yana tambaya, in na yi kwatancen da bai gamsar da shi ba ya ce in sake. Walƙiya tana ta yi a cikin hadarin ba ƙaƙƙautawa, yana tasbihi duk lokacin da tsawa ta faɗi. Iska mai ɗumi tana busowa daga bayanmu tana tafiya wajen hadarin, har rigarsa tana kaɗawa gaba. Sai daga ƙasan yankin nan da ya zazzago wani siririn abu ya leƙo, fari-fari, kamar yatsa.

"Baba, guguwa tana saukowa. Ta kai rabin hanya."

Ya kama hannuna ya riƙe gam. "Ta taɓa ƙasa?"

"Ba ta taɓa ba. Tana lilo. Ta lanƙwashe... ta koma. Ta koma ciki."

Ya saki numfashi. Na kira lambar da masu hasashen yanayi suka ba mu na ba da rahoton abin da na gani da inda nake. Ina cikin magana iska ta tsaya cak, sannan ta juyo daga gaba, mai sanyi kamar an buɗe firji.

"Injiniya, mu tafi," in ji Baba. "Yanzu."

Da ni kaɗai ne da na ƙara minti biyar, kuma da ban san yadda za ta ƙare ba. Muka shiga mota na nufi kudu. Ba mu yi nisa ba ƙanƙara ta same mu. Ta fara da ɗaya-ɗaya a kan rufi, sannan ta zama kamar ana juye tsakuwa daga tifa. Ba na jin abin da yake faɗa ko da ya ɗaga murya. Gilashin gaba ya tsage daga gefensa har tsakiya. Da ƙyar na hango rumfar wani gidan mai na kutsa ƙarƙashinta, inda wasu motoci uku suka riga mu.

Da abin ya lafa ya ce in ɗebo masa guda. Na fita na tsinto wadda ta kai ƙwan zabo na sa masa a tafin hannu. Ya juya ta, ya shafa ta da babban yatsa, ya kai ta baki ya lasa, ya yi dariya kamar yaro. Ya riƙe ta har ta narke ruwan ya bi ta hannun rigarsa.

A hanyar komawa ya gaya mini. Hawan jinin ido ne, likita ya ce an makara, abin da ya tafi ba zai dawo ba, sauran ma yana kan tafiya. Tun watan Maris ya mayar da tasi. 'Yarsa ta matsa ya dawo gida, ya ce mata sai bayan damina.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba, Baba?"

"Da na gaya maka da ka fara tausayina. Ka ce hanya da nisa, ka ce Baba ya huta. Da yau ina kwance a ɗaki ina jin tsawa ta taga."

Na so in musa, amma gaskiya ya faɗa. Da muka isa tasha na fita na raka shi har bakin ƙofar jirgin, karo na farko, bai kuma hana ni ba.

Mun sake fita sau uku bayan haka, ba mu ga komai ba sai ruwa na yau da kullum. Duk da haka yakan sa in faɗa masa yadda sama take, yana gyara mini Hausa. Bai jira ƙarshen damina ba, a watan Agusta na kai shi filin jirgin sama da akwati ɗaya. Wata ma'aikaciya ta zo da keken guragu za ta tura shi, ya ƙi, sai da na lallashe shi. Da ya zauna ya miƙo hannu ya lalubo nawa.

"Injiniya, mu yafi juna."

"Ba ka yi mini komai ba, Baba."

"To. In ka ga kore-koren nan, kada ka tsaya kallo. Kana da taurin kai."

Ma'aikaciyar ta tura shi suka shige. Na daɗe a tsaye a wurin bayan na daina ganin su.

Mun yi waya 'yan lokuta. 'Yarsa ce take kira ta miƙa masa, layin yana yankewa, rabin maganar tana tafiya a "kana ji na?" Ya ce gero ya yi kyau bana. Ya ce yana zama a ƙofar gida, in hadari ya taso yana gaya wa maƙwabta ko zai zubar, suna mamaki. Daga baya kiran ya yi wuya, ni ma na bar kwanaki suna wucewa ina cewa gobe. Na ci gaba da zuwa tudun ni kaɗai har ƙarshen damina. Wata rana na tsinci kaina a tsaye ina bayyana hadari da ƙarfi da Hausa, babu kowa a wurin sai shanun Baturen nan. Na koma mota.

Labarin rasuwarsa ya zo mini a watan Fabrairu, ina ofis. Saƙo ne daga lambar da ban sani ba, wani direban tasi ɗan Nijar da suka yi haya gida ɗaya, ya samu lambata a wata takarda da Baba ya bari a ɗakin. Ya ce za a yi zaman addu'a ranar Lahadi da rana a gidan wani ɗan ƙasarsu.

Na je. Falo ne ƙarami a hawa na uku, an janye kujeru an shimfiɗa darduma, maza kusan ashirin, yawancinsu direbobi. Ban san kowa ba. Aka yi addu'a, aka shafa. Sai wani dattijo da ke kusa da ni ya juyo ya ce, "Malam, yaya kuke da marigayi?"

Ba ɗan'uwana ba ne, ba abokin aiki ba, ban taɓa shiga ɗakinsa ba. Na ce, "Tare muke zuwa kallon hadari."

Ya matso da kunnensa. "Kallon me?"

"Hadari. Ranar Asabar. Mukan fita bayan gari."

Wani ya ce, "Ashe nan yake zuwa. Mu mun ɗauka wani aikin ya samu." Suka ce in ba su labari. Na fara, na faɗi tudun da Baturen gona da ranar ƙanƙara, suna saurare da ladabi, wasu suna murmushi. Kafin in kai ƙarshe aka shigo da farantan shinkafa, hankali ya koma can, zance ya juya zuwa wahalar aikin tasi a yanzu. Na ci loma biyu na yi sallama.

Mutumin da ya aiko mini da saƙo ya rako ni ƙasa. A kan bene ya ce shekara tara suna zaune bango ɗaya ya raba su, bai taɓa jin marigayi ya ambaci gajimare ba ko sau ɗaya. Da muka kai ƙofa ya tsaya ya dubi sama, fara fat, babu komai a cikinta.

"Yaushe ake fara irin wannan fitar taku?" ya tambaya.

"Ƙarshen Afrilu, in Allah ya kai mu."

Ya gyaɗa kai. "Ni ranar Asabar ina aiki," ya ce.

Muka yi musabaha. Ya koma sama, ni kuma na ɗaga kwalar kwat ɗina na gangara zuwa tashar jirgi.